Tarin Yaya Kulu

Da daminar nan da muke ciki, shekara shida ke nan da rasuwar yayata Hauwa'u, wadda duk Ƙofar Kuyambana ta sani da Kulu. Ba 'yar sarauta ba ce, ba malama ba ce, ba ta taɓa riƙe fensir ba. Da tana da rai ta ji na sa sunanta a jarida, da ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce na tona mata asiri a gaban maza. Kowace shekara in ruwa ya kankama sai in ɗauko takarda, in rubuta layi biyu, in ninke in tura ƙarƙashin tabarma. Bana na ga in ban fitar da maganar nan ba za ta ci gaba da cina. Wa ya sani, wataƙila akwai gidan da a yau ake shirin yin irin abin da na yi.

Mu biyu mahaifiyarmu ta bari. Kulu ta girme ni da shekara tara. Ita ta goya ni, ita ta yi mini wanka, ita ta tsaya kai da fata aka sa ni makarantar boko lokacin da dangi ke cewa a bari. Da aka ɗaura mata aure da Malam Sule, maɗinkin manyan riguna, a gidansa na ƙarasa girma. Ban san wata uwa ba in ba ita ba.

Ban kuma taɓa saninta babu tari ba. An ce tana ƙarama ƙyanda ta kwantar da ita, kafin ta gama murmurewa tarin shiƙa ya biyo baya, tun daga nan ƙirjinta bai sake komawa daidai ba. In ka zauna kusa da ita za ka ji wani siririn fito yana fitowa daga ciki, iska ta shiga da ƙyar, ta fita da ƙyar. Kowace safiya sai ta ɗauki lokaci a bayan ɗaki tana fitar da kaki kafin muryarta ta buɗe. Wannan na kullum ne. Sai kuma ranakun da abin ke tashi gaba ɗaya, mu ce fuka ta motsa: kafaɗunta su ɗaga, jijiyoyin wuyanta su fito, leɓɓanta su yi duhu, ta kasa haɗa kalma uku a numfashi ɗaya.

Amma kada mai karatu ya ɗauka a kwance ta yi rayuwarta. Kulu ta san ciwonta ciki da waje, ta san abin da yake so da abin da ba ya so. Ita ta sa Malam Sule ya fitar da murhu daga ɗakin girki ya kafa mata rumfa a tsakar gida, don hayaƙi ya riƙa tafiya sama maimakon ya zauna mata a fuska, kuma ba ta yarda a kawo mata ɗanyen itace. Sana'arta kaɗi, zarenta siriri ne har masaƙa na aiko mata tun daga wasu unguwanni, amma ba ta gurzar auduga ta cire iri, ba ta shiɓarta da baka, domin ƙurar audugar tana shaƙe ta. Maƙwabciyarta ke shiɓa mata, ita kuma ta kaɗa wa maƙwabciyar nata rabon. In bazara ta shigo, rimayen birni suka fashe, audugarsu ta cika lungu tana yawo, sai ta jiƙa tsumma ta rataya a ƙofar ɗaki. Ba ta kwanciya miƙe. Tabarmi biyu take naɗewa ta jingina da bango. In ta ji abin yana tasowa ba ta firgita. Takan kifa turmi ta zauna a kai, ta ɗora gwiwoyin hannu bisa cinya, ta tsuke baki tana fitar da iska a hankali kamar mai hura kunu mai zafi, har ya lafa. An yi rubutu, an yi sirace, an sha zuma da citta da kanumfari, wanzami ya kafa ƙaho. Wasu sun ɗan sassauta, wasu ba su yi komai ba. Ita dai ta ci gaba da share gidanta da dafa tuwonta, sannu a hankali, tana hutawa a tsakiyar kowane aiki.

Allah bai bar mata haihuwa ba. Sau biyu ta yi ciki yana zubewa. Saboda haka da na yi aure, matata Asabe ta haifi 'ya mace ranar Lahadi, ba wanda ya tsaya shawara a kan inda za a kai ta. 'Yar fari ce, dama ba a gabanmu za ta tashi ba. Ranar da aka yaye ta aka miƙa wa Kulu, ita ta yi mata laƙabin Ladidi, wanda da shi nake iya ambatonta a nan.

Shekara uku suka yi tare. Kulu ba ta iya goyo na dogon lokaci, domin majanyi yana matse mata ƙirji, sai ta riƙa zaunar da yarinyar a kan ƙafafunta tana kaɗi a saman kanta. Yarinyar ta tashi da tafiyar Gwaggonta, ba ta gudu, in sun fito daga ɗaki zuwa rijiya takan tsaya inda Gwaggo ta saba tsayawa ta huta. Na sha shigowa in tarar da su a kan turmi ɗaya, babba na hura iska, ƙarama na kwaikwayonta. A shekarun nan uku Kulu ta yi ƙiba, fuskarta ta cika. Malam Sule ya taɓa ce mini tun da ya aure ta bai ga ta ci abinci kamar yadda take ci tare da yarinyar nan ba.

A cikin waɗannan shekaru ne aka ɗauke ni aikin duba-gari. Aka ba mu horo na 'yan watanni, aka nuna mana ƙwayoyin cuta a madubin likita, aka koya mana yadda tibi ke bin numfashi da kaki ya kama mutanen gida. Ban daɗe da kama aiki ba aka tura ni wani gida a Ƙofar Kibo, inda wannan cuta ta ɗauki maigida, ta ɗauki 'ya'yansa biyu, sannan ta ɗauki uwarsu. Ni na sa aka ƙone tabarminsu, ni na tsaya aka shafe ɗakin da farar ƙasa. Na ga ƙaramar cikinsu kwana kaɗan kafin ta cika, tsarar Ladidi ce. Wannan hoton ya zauna mini a kai. Daga nan duk tarin da na ji a lungu sai gabana ya faɗi.

A nan ne harshenmu ma ya taimaka wajen ruɗa ni. Muna cewa fuka, muna cewa tarin fuka, kamar abu ɗaya ne da ɗan'uwansa. Alhali na farko, wanda likitoci ke kira asma, ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum, na biyun kuwa shi ne tibi mai yaɗuwa. An koya mana wannan bambanci a wajen horo, na kuma rubuta shi a jarrabawa na ci. Amma ranar da ya kamata in tuna da shi tsoro ya shafe mini shi.

Wata Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, na biya gaishe da Kulu kamar yadda na saba. Muna cikin magana tari ya sarƙe ta, ta kai tsumma baki, da ta janye na ga jan abu a jiki. Ta yi sauri ta dunƙule shi. Ta ɗebi ruwa a moɗa ta kurɓa, ta ajiye, Ladidi ta zo ta ɗauki moɗar ta shanye sauran. Na tashi na fita zaure, inda Malam Sule ke zaune da riga a cinya yana aikin allura.

Na ce, “Malam, abin da ke jikin Yaya tibi ne. Na ga jini.”

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, “Jinin nan yakan zo shekara-shekara, in tari ya yi tsanani. Kai ka auna ta?”

“Ba sai na auna ba. Na ga irinsa da idona.”

“Shekara ashirin muna ɗaki ɗaya da ita. Kai ma a gidan nan ka girma. Wane ne a cikinmu ke tari?”

Na ba shi amsa irin ta mai sabon ilimi. Na ce cutar tana iya ɓuya a jikin babba, amma yaro ba ya jure ta. Ya soke allurar a jikin rigar ya ce, “Yarinya taka ce, Malam Garba.” Bai taɓa kirana Malam ba sai ranar.

Kashegari na zo na ɗauke Ladidi. Kulu ba ta yi musu ba, ba ta roƙe ni ba. Ta wanke 'yan zannuwan yarinyar, ta jira suka bushe, ta ninke, ta haɗa da 'yar tasarta da 'yar tsanar da ta yi mata da kara, ta ƙulle a ɗankwali. Ta rako mu har bakin zaure na ciki, iyakar inda take fitowa. Yarinyar ta ɗauka unguwa za mu, tana ta ɗaga mata hannu. Sai da muka sha kwanar lungu ta fahimta, ta fara ihu tana kiran Gwaggo, na saɓa ta a kafaɗa na ƙara sauri.

Ban tsaya nan ba. Na bar umarni a ware wa Kulu ƙwarya da moɗa da cokali. Na hana Asabe zuwa gidan. Maganar kuwa ba ta tsaya a cikin dangi ba, domin in duba-gari da kansa ya cire 'yarsa daga gidan yayarsa, me ya rage wa maƙwabta? Matan da ke shigowa hira suka janye. Maƙwabciyar da ke yi mata shiɓa ta aiko a ce hannunta na ciwo. Masaƙa suka daina aikowa neman zare. In ana biki ko suna a unguwa sai a aiko mata da abinci, ba a ce ta zo ba. Ni kuma ban daina zuwa ranar Juma'a ba, amma a bakin ƙofar ɗakinta nake tsayawa, in gaishe ta daga waje, in tambayi jiki, in juya.

Shekara biyu ana haka. Za a tambaye ni, kai da kake ma'aikacin lafiya, me ya hana ka kai ta asibiti tun ranar farko? Na yi wa kaina wannan tambaya fiye da yadda kowa zai yi mini. A lokacin nakan ce matar kulle ce, nakan ce tana tsoron asibiti, nakan ce ko an tabbatar babu wani magani da za a ba ta. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ainihin dalilin shi ne na riga na yanke hukunci, ban ga abin da likita zai ƙara mini ba.

Malam Sule, wanda bai taɓa zama a aji ba, shi ya yi abin da ya kamata in yi. Ƙafafun Kulu sun fara kumbura, ta rame, numfashin ya ƙara gajarta. Ya same ni a gida wata safiya ya ce zai kai ta wajen likita, in ina so in zo in yi masa tafinta, in ba na so zai nemi wani. Aka ari jakin wani maƙwabci, aka lulluɓe ta, muka fita ta Ƙofar Doka tun rana ba ta yi zafi ba, yana riƙe da ita ta gefe ɗaya, ina jan jakin. Sau huɗu muka tsaya a hanya.

Likitan ya daɗe yana sauraren ƙirjinta, gaba da baya. Ya tambayi tarihin tarin tun daga ƙuruciya, ya tambayi wa da wa suka zauna da ita, ya sa aka duba Malam Sule ma. Aka karɓi kakinta sau uku a ranaku daban-daban aka duba a madubi. Ranar da muka koma jin sakamako ni ne a tsakiya, likita na faɗa da Turanci ina juyawa da Hausa. Da bakina na faɗa wa yayata cewa ba a ga ƙwayar tibi a jikinta ba. Da bakina na faɗa mata cewa hanyoyin iskar huhunta ne suka lalace tun ciwon ƙuruciya, daga nan kaki da jinin suke fitowa, ga kuma asma a kai, kuma babu ɗaya a cikinsu da wani zai iya ɗauka daga wurinta. Da bakina na faɗa mata cewa zuciyarta ta gaji da tura jini ta cikin huhun da ya ƙi buɗewa, shi ya kawo kumburin. Da na zo kan maganar rashin yaɗuwa sai da likitan ya maimaita kafin na juya mata. Kulu ba ta dube ni ba. Ƙafafunta take kallo.

Aka ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi farare, aka ce in fukar ta yi tsanani a kawo ta a yi mata allura. Ƙwayoyin sun taimaka, ba laifi. Ta samu barci, ta koma cin abinci kaɗan-kaɗan.

Ranar da muka dawo na shiga ɗakinta, karo na farko cikin shekara biyu. Na durƙusa na ce gobe zan dawo mata da Ladidi. Ta daɗe tana tara numfashi kafin ta amsa, domin a lokacin maganarta ta koma guntu-guntu.

Ta ce, “A'a. An cire ta sau ɗaya. Ba za a cire ta sau biyu ba. Na ji abin da likita ya ce game da zuciya. Ka bar ta wurin uwarta. A riƙa kawo mini ita ran Juma'a.”

Na ce ta yafe mini.

Ta ce, “Ɗaukar yarinya, ban riƙe ka ba. Uba ne kai, ka ji tsoro. Amma Garba, ka tsaya a bakin ƙofa kana gaishe ni, kamar ka zo duba randa a gidan mutane. Ni na goya ka.”

Ta ce ta yafe, kuma na san ta yafe, domin ba ta taɓa faɗin abin da ba ya ranta ba. Amma har yau in na shiga gidan wani da kayan aiki, na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama, sai maganar nan ta dawo mini.

Juma'ar farko da aka kai Ladidi ita ce ta fi kowace wuya. Ta shekara bakwai, kuma shekara biyu ana ce mata kada ta kusanci Gwaggo. Ta tsaya a tsakar gida ta maƙale a jikin Asabe. Kulu ta miƙa mata hannu, yarinyar ta ja baya ta ce, “Baba ya hana.” Ina tsaye ina ji. Kulu ta sauke hannun ta ce a ƙyale ta, kada a matsa mata. Sai a Juma'a ta uku ta yarda ta zauna a bakin tabarma, a ta biyar ta ba da kanta aka yi mata kitso, kitson da ya ɗauki yini guda saboda hutawa. Wata takwas suka samu. Matan unguwa sun dawo su ma, ɗaya bayan ɗaya, kowace da 'yar kunyarta, ta karɓe su kamar jiya suka rabu.

Kulu ta cika ranar wata Talata bayan la'asar, ana yayyafi, tana jingine da tabarminta, hannunta cikin na Malam Sule, ni ina riƙe da ƙafafunta. Tun hantsi fiton ƙirjinta ke raguwa, har na ɗauka sauƙi ne. Ashe iskar ce ta daina shiga. Allah Ya jiƙanta, Ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara.

Shekara shida ba su da yawa, amma birnin nan ya sauya. Akwatin rediyo ya shiga zauruka, ana ta maganar zaɓe da mulkin kai, manya na zama ajin yaƙi da jahilci da yamma. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga wannan. Ina jin rediyon zai fi ɗaukar hankalinta, domin ita mutum ce mai lura da numfashin mutane. Da ta tambaye ni yaushe mutumin cikin akwatin yake tsayawa ya ja iska. Siyasa ba za ta dame ta ba. Amma da ta ji cewa yanzu ana ɗaukar hoton ƙirji a ga abin da ke ciki ba tare da an tsaga mutum ba, kuma tibin da na ji tsoro har na raba ta da 'yarta yanzu yana da allura da ƙwayoyi, mutane na sha suna tashi, na san za ta tambayi ko matan kulle ma ana kai su. Amsar da zan ba ta ba za ta yi mata daɗi sosai ba. Ana kai wasu. Da yawa har yanzu suna cikin ɗakunan girki marasa taga, suna hura ɗanyen itace, suna tari, ana cewa sanyi ne, ko kuma a ware musu ƙwarya ba tare da kowa ya duba su ba.

Ba ina cewa a daina tsoron tibi ba ne. Na ga aikinsa, kuma inda likita ya ce a raba moɗa, a raba, inda ya ce a nisanta yara, a nisanta. Abin da nake roƙo shi ne a bari likitan ya faɗa tukuna. Tari iri-iri ne, kuma ido ba ya rarrabe su, ko idon wanda ya ci jarrabawa. Ko da an tabbatar mai yaɗuwa ne, akwai yadda za a kiyaye ba tare da an mai da mutum abin gudu a cikin gidansa ba. Mai ciwon ƙirji dama kullum cikin ƙunci yake, kowane numfashi aiki ne a wurinsa. In aka ƙara masa da kaɗaici, an ɗora masa abin da ya fi ciwon nauyi.

Malam Sule yana nan. Idonsa ya yi rauni, ya bar aikin allura sai dai ya duba na wasu ya gyara musu. Bai taɓa tuna mini da maganar da muka yi a zaure ba, ko da wasa. Ya koma kirana Garba tun ranar jana'iza. Rumfar da ya kafa mata tana nan, kuma na lura gidaje uku a lungun sun fitar da murhunsu waje, ko da yake ban sani ba ko sun tuna daga wa suka gani.

Da na gama rubuta abin da ke sama na bar takardun a zaure na tafi masallaci. Ladidi, wadda yanzu take makarantar 'yan mata kuma ta fi ni saurin karatu, ta zo shara ta gan su. Ni da ita ba ma doguwar magana, kamar yadda yake tsakanin uba da 'yar fari. Amma da na dawo na same ta durƙushe a bakin zaure, idonta ya yi ja.

Ta ce, “Baba, na karanta. A yi haƙuri.”

Na ce ba komai. Na jira in ji ta tambaye ni dalilin da ya sa na yi abin da na yi, na ma shirya amsa.

Ta ce, “Ba a sa dariyarta ba. An rubuta ta kamar kullum cikin ciwo take. Gwaggo mai dariya ce.”

Na koma na bi takardun layi-layi. Gaskiyarta. Shekara shida ina ɗauke da yayata a zuciya, amma abin da na riƙe shi ne tarinta da laifina, na bar ita kanta. Yarinyar da na cire daga hannunta ita ta adana abin da na yar.

To bari in gyara. Kulu ta fi kowa iya kwaikwayon mutane. Takan yi tafiyar mai unguwa, ta yi muryar dillaliya tana rantsuwa a kan tsohon zane, ta yi yadda nake ɗaga murfin randa da kan sanda ina yamutsa fuska, har matan gida su riƙe ciki. Dariya na cikin abubuwan da ke tayar mata da fuka, ta kuma sani sarai, amma shi kaɗai ne a cikinsu ta ƙi bari. Ta bar shiɓa, ta bar goyo, ta bar kwanciya miƙe, ba ta bar wannan ba. Takan fara dariya, tari ya katse ta, ta ɗaga hannu ɗaya alamar a jira ta. Kowa ya yi shiru. Ta sunkuya, ta hura iska, ta hura, har numfashi ya dawo. Sannan ta ɗago da hawaye a ido, ta ƙarasa dariyar daga inda ta tsaya.